Sannunku da Aiki, Saura Gidan Ɗan Hausa

Yabon gwani ya zama dole. A zamanin nan kuwa ban ga gwanayen da suka cancanci yabo a birnin Kano ba kamar bayin Allahn da suka ɗaukar wa kansu nauyin raba mu da tsofaffin gine-gine. Suna aiki ba dare ba rana, ba sa neman lambar girma, ba sa gayyatar 'yan jarida. Wasunsu na ofis ne, makaminsu biro da hatimi. Wasu attajirai ne, makaminsu kuɗi hannu. Wasu dillalan filaye ne masu yawo da igiyar awo a aljihu, wasu kuma maƙwabta ne kawai da suka ga jar ƙasa a tsaye babu mai tsaronta, suka kawo jaki da mangala. Babba da yaro na haɗa ku, na ce sannunku da aiki. Allah ya biya kowa daidai da abin da ya shuka.

Sai dai kowane gwani yana da inda ya yi mantuwa. A unguwar Nassarawa, daura da titin Sakkwato, akwai wani gidan ƙasa da har yau yake tsaye, ya ƙi faɗuwa, ya ƙi jin kunyar benayen da suka kewaye shi. Gidan Ɗan Hausa ake ce masa. Ya haura shekara ɗari a siffar da yake da ita yanzu, tushensa kuwa ya girmi haka. Ya kamata gwanayenmu su ji tarihinsa, domin su san girman abokin gabar da ya rage musu.

Tarihin baka ya ce asalinsa ɗan gida ne a tsakiyar gandun Sarkin Kano, inda mai kula da gonakin Sarki yake zaune. A lokacin Nassarawa bayan gari ce. In ka fito ta Ƙofar Nassarawa sai gonakin dawa da gero, sai kuka da tsamiya da ɗorawa, sai gidan Sarki na hutawa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka zaɓi wannan ɓangare na gabas suka kafa mazauninsu, nesa da cunkoson birni. Cikin waɗanda aiki ya kawo akwai Hanns Vischer, wanda aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Da aikin mishan ya fara shigowa, daga baya ya koma ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya keto hamada tare da ayari daga Tarabulus har Barno, ya kuma rubuta littafi a kan tafiyar. Hausa ta zauna a bakinsa har aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Da aka ɗora masa aikin kafa ilimin boko a Arewa, a zamanin Sarki Abbas, wannan gida ya zama masaukinsa. Ya sa magina suka faɗaɗa shi, kuma a nan Nassarawa ya buɗe makarantarsa a 1909, wadda ake lissafawa a matsayin makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewacin Najeriya.

Makarantar ta haɗa aji na malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'ar hannu. Da Hausa ake koyarwa: karatu da rubutu, lissafi, labarin ƙasa, kiwon lafiya, malaman addini kuma suna ba da nasu darasin. Ɗalibai sun zo daga larduna daban-daban, waɗanda suka gama suka koma garuruwansu suka zama malaman makarantun da aka buɗe daga baya. A 1912 Vischer ya wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Ke nan duk ɗan bokon Arewa da ke sa hannu a takardar fili a yau, in ya bi salsalar biron da ke hannunsa, sai ta kai shi harabar gidan nan. Madalla da magajin da ya koyi rubutu ya fara gwada shi a kan takardar sayar da gado.

Vischer ba waliyyi ba ne. Ma'aikacin 'yan mulkin mallaka ne, kuma ya zo ne da manufar iyayen gidansa, ta samar da malaman ofis da za su riƙe musu littattafan haraji. Amma akwai wani kuskure da ya tafka wanda mu, alhamdu lillahi, ba za mu taɓa tafkawa ba. Mutum ya taso daga Turai, inda ake gini da dutse da bulo, ya zo ya dubi aikin maginan Kano ya ce ya ishe shi. Ya zauna a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin rufin azara, shi da matarsa Isabelle. Bai ji cewa darajarsa ta ragu ba. Mu da muka fi shi wayewa, yau in aka ce mutum a gidan ƙasa yake zaune, ko aure ya je nema sai an yi shawara.

Laifuffukan gidan nan suna da yawa, kuma ya dace a lissafa su. Na farko, yana ba da sanyi ba tare da an biya ko sisi ba. Bangonsa mai kauri yana shanye zafin rana, ba ya sakin sa sai dare ya raba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, mutum yana shiga sai ya ji kamar an yayyafa masa ruwa, da hunturu kuma ɗakin ya riƙe ɗumi. To ina amfanin gidan da ba ya buƙatar janareta? Da me mai sayar da fetur zai ci abinci? Wa zai sayi na'urar sanyaya ɗaki? Gidan zamani na kirki shi ne mai bulo inci shida da kwano a ka, wanda da an ɗauke wuta mazaunansa za su kwashi tabarma su fito tsakar gida, su haɗu da sauro, gobe mai kemis shi ma ya samu nasa rabon. Haka tattalin arziki yake bunƙasa.

Na biyu, duk kayan irin wannan gini na gida ne. Ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, rana ta busar. Azara daga giginya, wadda gara ba ta iya mata. Makuba daga ɓawon ɗorawa, katsi daga gindin rijiyar marina, a haɗa laso a shafe soro ruwa ya zame. Babu abin da aka shigo da shi ta tashar jirgin ruwa, babu canjin dala, babu kwangilar da za a ninka kuɗinta, babu inda za a cusa kashi goma na mai sa hannu. Wannan ai cin amanar ci gaba ne.

Na uku, gidan ya cika naci. Ya ga Sarki Abbas, ya ga Usman, ya ga Abdullahi Bayero, ya ga Muhammadu Sanusi, ya ga Inuwa, ya ga shekara hamsin da ɗoriya ta Ado Bayero, har yanzu zankwayensa suna kallon sama. A garin da bene yakan rufta tun kafin a yi masa fenti, tsayuwar gidan ƙasa na tsawon ƙarni rashin ladabi ce ga injiniyoyinmu.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muni, yana sa yara tambaya. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke riƙe da shi, kuma akan kawo 'yan makaranta su zagaya. Yaro in ya ɗaga kai ya ga bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi, babu rodi babu siminti, sai ya ce wa ya yi wannan? A ce masa kakanninka ne. Sai ya ce to ina sauran? A nan fa ake shiga uku, domin amsar tana hannun gwanayenmu.

Amma kada a ɗauka an zauna an naɗe hannu. In gidan ya tsira, kewayensa bai tsira ba, kuma a nan ne aikin ya fi ƙayatarwa. Gandun Sarki ya zama unguwar Turawa, unguwar Turawa ta zama ta manyan ma'aikata, kowane gida da fili mai faɗi da maɗaci da darbejiya da mangwaro. Wannan ɓarnar fili ta daɗe tana ci wa masu hangen nesa tuwo a ƙwarya. Yanzu an gyara. Filin gida ɗaya ya haifi gida shida, ko otal, ko rukunin shaguna, ko zauren biki. Bishiyar da ta shekara saba'in tana zubar da ganye tana ɓata wa mutane tsakar gida, cikin wuni guda injin yanka ya huce mana haushinta. A gurbinta an shimfiɗa intalok daga bango zuwa bango, don kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya kuskura ya shiga ƙasa. Idan rijiyoyi suka ƙafe sai a kira mai haƙar burtsatse, shi ma ai ɗan ƙasa ne, yana da iyali.

Daga nan mu juya yamma mu dubi birni, inda aka yi aikin da tarihi ba zai manta ba. Ganuwar Kano, wadda muke kira badala, Sarki Gijimasu ne ya fara ta a farkon ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka ƙara faɗaɗa ta a ƙarni na 17. Dubban mutane ne suka yi ta ɗaukar ƙasa a ka, zuriya bayan zuriya. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso da sojojinsa da igwa, Sarki Alu yana Sakkwato. Igwar ta yi ta dukan badala ba ta huda ta ba, sai da suka koma kan ƙyauren ƙofa suka samu shiga ta Kabuga. Gwamna Lugga da kansa ya rubuta wa Ingila rahoto yana mamakinta: kewayenta kusan mil 11, ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50 a wurare, kaurin gindinta kusan ƙafa 40.

To abin da ya gagari igwar Nasara, mu bai gagare mu ba. Ba mu harba ko harsashi ɗaya ba. Da shebur da tifa da takardar mallaka muka ci ta da yaƙi. Wani ya ɗebi ƙasarta ya yi bulo, wani ya jingina shagonsa da ita, wani ya sare ta ya fitar da garejin mota, wani ya mayar da ita juji, wani ya mayar da ita makewayi. A wurare da dama yau sai dai a nuna maka layin shaguna a ce nan badala take a da. Ina Morland yake, ya zo ya ɗauki darasi wurin jikokin waɗanda ya yaƙa?

Ƙofofin ma ba a bar su a baya ba. Ƙofar Na'isa ta shekara ɗaruruwa tana tsaye tana tare wa motoci hanya, sai a 2010 aka kawar da ita don faɗaɗa titi. Wani mai ƙaramin tunani zai ce ai ana iya karkatar da titin ya bi ta gefenta, kamar yadda ake yi a garuruwan da ke ɗaukar tarihi da muhimmanci. Amma mu mun fi su dabara: muka rushe ta gaske, muka gina ta siminti, muka shafa mata fenti launin ƙasa. Kamar mutum ne ya cire lafiyayyun haƙoransa ya sa na roba, ya kuma tara jama'a su taya shi murna. Ita ta siminti ba ta buƙatar yaɓe, ba ta buƙatar magini, ba ta kuma ɗauke da komai na tarihi da zai dami zuciyar mai wucewa.

Sai kududdufai. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya hau dutsen Dala ya ga gari mai filaye da gonaki da tafkuna a cikin ganuwa. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, sai suka zama matattarar ruwan sama. Magabata cikin rashin sani sun ɗauka cewa ruwa yana buƙatar wurin zama. Mu muka gano cewa kududdufi fuloti ne da ya jiƙe. A zuba shara, a bi da ɓaraguzai, a daddale, a yanka, a sayar. Ruwan da aka kora kuwa bai yi fushi ba, yana zuwa gaisuwa har cikin ɗaki duk damina. A watan Agustan 2022 ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi, aka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa. Aka jajanta, aka ce ƙaddara ce, aka ci gaba da awo.

Kyawun tsarin namu shi ne kowa yana samun aikin yi. Wata gwamnati ta yanka filin jama'a ta sayar, a gina. Wata ta zo da katafila ta rushe, kamar yadda aka gani a 2023. Mai sayar da siminti ya ci riba a farko, mai tsintar rodi ya ci riba a ƙarshe, lauyoyi su ci a tsakiya. Badala ce kaɗai ba ta dawowa, ita da kuɗin talakan da ya sayi shago da takarda mai hatimi.

Kada mu manta da maginan gargajiya, waɗanda muka yi wa ritaya ba tare da fansho ba. Da sana'a ce mai sarauta, da Sarkin Magina da almajiransa, uba ya koya wa ɗa yadda ake jera azara a ɗaura baka, yadda ake fitar da zanko, yadda ake zana dagi a fuskar soro tun yaɓe yana ɗanye. Irin wannan ilimi ne ya ba Babban Gwani Muhammadu Durugu damar gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ginin da masana fasahar gini na duniya suke rubuce-rubuce a kansa. Ilimin ba a littafi yake ba, a hannu yake. Mun gane cewa hanya mafi sauƙi ta kashe shi ita ce a daina ba masu shi aiki. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun kama tuƙin a-daidaita-sahu. Babu wanda za a kama da laifi, domin babu wanda ya ga jini.

Akwai dai wasu mutane da har yanzu ba su waye ba, sai mu taya su da addu'a. Mutanen Agadas a Nijar sun riƙe tsohon garinsu na ƙasa da hasumiyar masallacinsu mai tsayin mita 27, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Mutanen Jenne a Mali, duk shekara gari ke fitowa, maza da mata da yara, su yaɓe babban masallacinsu, wanda aka sake ginawa a 1907, kusan sa'an Gidan Ɗan Hausa ke nan. Dubi wahala! Mu kuwa tun 2007 aka sa ganuwar Kano da Dala da Kasuwar Kurmi da gidan Sarki a jerin masu jiran shiga wannan sahu. Muna ta ƙoƙari mu ga cewa kafin layi ya zo kanmu babu abin da ya rage da zai wahalar da masu dubawa.

Saboda haka ga shawara ga gwanayenmu game da ɗan gidan da ya rage. Kada ku kawo katafila, za a yi surutu. Akwai hanyar da ta fi tsafta. A rage kuɗin gyara a kasafi, in an sa kuma kada a saki. A bar indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro. Damina uku ko huɗu ba tare da yaɓe ba sun wadatar. In ana son a gaggauta, a ba wa ɗan kwangilar da bai taɓa riƙe tubali ba aikin gyara, ya lulluɓe bangon da siminti. Danshi zai maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana da asuba a ji rugugi. Sai a kafa kwamiti, a yi jawabin alhini, a ce ruwan sama ne. Filin kuwa yana tsakiyar Nassarawa, kowa ya san abin da zai yi a kasuwa. Matsalar kawai ita ce 'yan tsirarun ma'aikata da masana masu taurin kai da suke ta lallaɓa gidan, suna share shi, suna karɓar baƙi, suna rubuta takardun neman gyara. Da ba don su ba da tuni an wuce wurin.

To, gatse ya isa haka, yanzu ga magana a miƙe. Abin da muka yi wa Kano a 'yan shekarun nan ɓarna ce, kuma da hannunmu muka yi ta. Babu mai cewa gari kada ya girma, ko kada a yi titi, ko kowa ya koma ɗakin ƙasa. Jama'a sun ƙaru, suna buƙatar muhalli da kasuwa. Amma Kano tana da faɗin ƙasar da za a yi sababbin unguwanni ba tare da an cinye badala da kududdufi da bishiya ba. Kwaɗayi ne ya sa aka zaɓi cin na tsakiya, domin ya fi tsada.

Abin da ya rage ana iya ceton sa. Gwamnatin jiha ta ware wa Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, gidan tarihin cikin birni, kuɗin yaɓe na kowace shekara kafin damina, a kuma damƙa aikin ga maginan gargajiya na ainihi, a haɗa su da matasan da za su koya. A shata iyakar abin da ya saura na badala, a buga taswirarsa kowa ya gani, a soke duk takardar da ta shiga cikinsa. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ta yi amfani da ikon da doka ta ba ta. Masarauta da masu unguwanni su tsaya a kan kududdufan da ba a cike ba tukuna. Sassan koyar da zanen gine-gine a jami'o'inmu su mayar da ginin ƙasa darasi na dole.

Kai kuma mai karatu, ɗauki 'ya'yanka ka kai su Nassarawa su ga gidan nan da idonsu, ka gaya musu cewa Kanawa ne suka gina shi. In ka ga tifa tana ɗibar badala a unguwarku, ka sanar da mai unguwa, ka sanar da hukuma, kada ka ce ba ruwanka. Ginin siminti in ya rushe ana sake wani a wata shida. Badala da Gidan Ɗan Hausa in suka tafi, babu kuɗin da zai dawo da su.